Ƙafar Yari da Askar Maccido

Maccido ya riga ya jiƙa kan Hammadu, ya goga sabulu, ya ɗauko aska yana wasa ta a tafin hannu, sai wani mai jaki ya rage tafiya ya yi wa Hammadu magana da Fillanci. Kalma uku ce ko huɗu. Hammadu ya dubi askar, ya dubi Maccido, nan take ya tuna wai ya baro shanu babu mai dubawa. Ya kifa malfa a jiƙaƙƙen kansa, ya ɗauki sanda ya yi gaba, kumfa tana bin wuyansa.

Shi ne na uku tun safe. Ga shi ranar Lahadi, kasuwar Illela ta cika ta batse, mutanen Kwanni sun ƙetaro daga ƙasar Faransa da gishiri da kanwa, na Araba da Gidan Katta sun shigo da gero. A irin wannan rana Maccido ba ya samun sararin shan fura sai azahar. Yau kuwa tabarmarsa a gindin gawo babu kowa sai ƙuda. Can tsallaken hanya, wani baƙon wanzami da ko riƙon ƙaho bai iya ba, mutane sun yi masa layi.

Maccido ya san dalili, kowa ma ya sani. Ƙafar Yari ce.

Yari farke ne, yana kai goro da tufafi Kwanni ya komo da gishiri. Wata biyu da suka wuce ƙaya ta karce shi a ƙwauri, wurin ya yi ƙurji. Ya zo wurin Maccido, wanda yake yi masa aski tun yana saurayi, aka yi masa sakiya kamar yadda ake yi wa kowa. Kwana uku wurin ya kai faɗin kwabo. Maccido ya yanke mataccen naman don ya tarar da mai rai, sai ciwon ya kai tafin hannu. Ya ce mugun jini ne, ya kafa ƙaho a sha-raɓa, ya yi tsaga bakwai. Yanzu ƙafar tun daga idon sawu har kusa da gwiwa ba ta kalluwa, kuma Yari ba ya barci, maƙwabtansa ma ba sa yi.

Daga nan ne mutane suka tuno da wata fadama a Amarawa. Shekara ashirin ke nan da uban Maccido da uban Yari suka yi shari'a a kanta, alkali ya ba uban Yari. Iyayen duk sun rasu, fadamar ma yashi ya cinye rabinta, babu wanda ya ƙara ambatonta. Amma da ƙafa ta ruɓe, sai ga tsofaffi suna tuna har launin rawanin alkalin. Aka ce ruwa ba ya tsami banza. Aka ce Maccido ya shafa wa askarsa wani abu. Mutanen Illela, Allah ya ba su haƙuri, in suka rasa dalilin abu ba sa kwana sai sun ƙera masa ɗaya.

Abin ya ci ran Maccido ƙwarai. Shekara talatin yana wannan sana'a, rabin mazan garin shi ya yi musu kaciya, shi ya cire musu beli suna jarirai. Wanzami ba shi da jari sai yardar mutane, domin babu mai miƙa wuya ga aska in yana shakkar mai riƙe da ita.

Yana cikin wannan tunani sai inuwa ta rufe tabarmar. Tasalla ce, yayar Yari, wadda ta dawo gidan ƙanen nata tun rasuwar mijinta, take riƙe da shi da hannun ƙarfe. Ba ta yi sallama ba.

"Wanzan, tashi. Malamin asibiti ya iso daga Sakkwato, shina zaurenmu. Na gaya mai komi, ya ce a kira ka."

"Mi kig gaya mai, Tasalla?"

"Abin da gari duka ya sani. In kana da gaskiya, mi za ka tsoro?"

Ya naɗe askarsa ya bi ta. A hanya duk wanda suka wuce sai ya bar abin da yake yi ya bi su da ido, wasu ma suka biyo su da ƙafa.

Zauren Yari ya cika har ƙofa. An kwantar da shi a kan tabarma, ƙafar a kan buzu, wari ya cika wurin duk da turaren da aka kunna. A gefensa Malam Lawwali ne a tsugune, saurayi mai kaki da gajeren gemu, wanda hukuma take turowa rangadi da keke da akwatin magani duk bayan mako biyu. Mutane ba su gama yarda da shi ba, don ana raɗe-raɗin duk wanda ya rubuta sunansa a littafi, ƙarshenta sai an kai shi zangon kutare ko an yanke masa wani abu. Shi ma bai yarda da su ba, musamman wanzamai.

"Kai na Maccido?" in ji shi, bai ɗago kai ba. "Zamna nan inda nika ganin ka."

Ya warware tsumman. Gyambon ya yi rami, tsakiyarsa ja, bakinsa ya kumbura ya yi launin makuba, kuma ya ci ta ƙarƙashi har fatar gefen ta yi rumfa. Malam ya ɗauki auduga ya ɗan taɓa gefen, Yari ya yi ƙara har wata mata a cikin gida ta yi salati.

"Ba kuturta ba ta," in ji Malam. "Kuturta ba ta zahi haka."

Aka yi ajiyar zuciya. Malam ya tambayi abin da aka sa wa ciwon, Maccido ya lissafa masa bai rage ba: sakiya, yanka, ƙaho, garin bagaruwa. Malam ya karɓi askar ya juya ta, ya shinshina, ya duba ƙotar, ya mayar masa. Sannan ya ɗaga murya don na waje su ji.

"Ku saurara. Wanga gyambo na, irin wanda ka kama matahiya da manoma. Na ga ɗari irinai. Babu guba, babu sammu. Ko wanzami bai taɓa shi ba, haka za shi yi. Ku bar ɗaukar alhakin bawan Allah."

Maccido ya ji kamar an sauke masa buhun gishiri daga kai. Ya ga wani dattijo a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai don kunya, wani kuma ya ce shi dama bai taɓa yarda da zancen ba, alhali shi ne ya fara tuno launin rawanin alkali. Tasalla ta taɓe baki. Shi ke nan, malamin gwamnati ya wanke shi a gaban jama'a. Abin da ya rage masa kawai ya yi shiru ya koma gindin gawo.

Malam ya buɗe akwati ya fito da wani ɗan cokalin ƙarfe mai kaifin baki, da allura.

"Za ni kankare shi har in kai ga nama mai kyau, in yi mai allura. In bai yi ba, sai Sakkwato, likita ya san abin da za shi yi da ƙahwar. Maza huɗu su riƙe min shi."

Maza suka matso. Ɗaya ya danne kafaɗar Yari ta hagu, Yari ya sake ƙara, amma ba irin ta ɗazu ba, ya fizge hannun. Hannun rigarsa ya zame, sai ga wani tsumma ɗaure a damtsensa, ya jiƙe.

"Mi na na nan?" in ji Maccido.

"Ba komi," in ji Yari, yana jan rigar.

"Yari, ba a ɓoye ma mai wanka cibiya. Ni ban taɓa ka nan ba."

Yari ya dubi yayarsa, ya dubi littafin Malam da ke kan akwati. Da ƙyar ya yi magana. Tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Kwanni, mutanen Faransa sun tare hanya suna yi wa kowa lambar rigakafi saboda cutar agana. Sun karce shi a damtse kamar kowa. Na abokan tafiyarsa duk ya warke ya bar tabo, nasa kuwa ya ƙi. Ya ɓoye ne don kada a ga ciwo wuri biyu a ce kuturu ne.

Maccido ya kwance tsumman da kansa. Ciwon bai fi bakin ludayi ba, amma kamar an haifo shi daga na ƙafar: ramin nan, bakin nan mai launin makuba, rumfar nan ta fata. Ya tsaya yana kallo. Sai ya koma ga ƙafar, ya juya ta a hankali ya dubi sha-raɓar. Wata biyu yana duba wannan ƙafa, amma kullum neman inda zai yanka yake yi. Yau ne ya fara kallon inda ya riga ya yanka. Tsaga bakwai ya yi, ga ramuka bakwai a jere kamar an shuka su. Can bayan idon sawu kuma akwai wani ƙaramin ƙurji da ya fito tare da na farko, wanda ya raina bai taɓa shi ba. Shi kaɗai ne ya bushe.

Abin ya fito masa fili, kuma bai ji daɗin fitowarsa ba ko kaɗan. Jikin Yari ne ba ya son ƙarfe. Duk inda aka huda fatarsa, nan ciwon yake sauka. In cokalin nan ya shiga, gobe ramin zai ninka, jibi a ɗora shi a jaki zuwa Sakkwato, ya dawo da ƙafa ɗaya in ya dawo. Kuma babu yadda zai hana a kankare ba tare da ya faɗi abin da askarsa ta yi ba.

Ya dubi dattijon da ya sunkuyar da kai. Ya tuna layin da aka yi wa baƙon wanzami. Wallahi ya so ya yi shiru, ya so ƙwarai. Malam ya riga ya tsoma cokalin a ruwan magani.

"Malam, dakata. Kak ka sa mai ƙarhe."

Malam Lawwali ya juyo a fusace. "Na san za a rina. Ku wanzamai haka kuke, ba ku son mutum shi warke hannun asibiti. Yanzu nig gama wanke ka."

"Kun ji ko?" in ji Tasalla. Ta matso har tsakiyar zauren. "Tsoro shikai maganin Nasara shi karya abin da yas sa. In ba haka ba mi ad damuwatai?"

"Ba haka na ba. Ko allura kak ku yi mai."

"To mi na na? Hwaɗi!"

Maccido ya juya ga jama'a.

"Malam ya ce ko ban taɓa shi ba haka za shi yi. Ba gaskiya ba ta. Ni nib ɓata ƙahwag ga. Askata ta."

Salati ya tashi. Na bakin ƙofa ba su tsaya jin sauran ba, biyu daga cikinsu har suna tuntuɓe da juna wajen fita. Maccido ya ci gaba da magana, ya ce ba guba ba ce, ya ce kowane ƙarfe haka zai yi ko na wane ne, ya nuna damtsen da mutanen Faransa suka karce. Amma surutu ya riga ya fi ƙarfin muryarsa.

"Na hannu na Nasara na, wannan daban," in ji Tasalla, tana huci. "Na ƙahwa naka na, ka hwaɗi da bakinka."

Malam Lawwali kuwa ya komo wurin Yari. Ya ajiye cokalin a kan murfin akwati, ya durƙusa. Ya daɗe yana duba damtsen, domin lamba aikinsa ce, ya yi wa dubban mutane, ya san yadda take warkewa da yadda take ɓaci, kuma wannan bai yi kama da ko ɗaya ba. Ya juya ƙafar ya ƙirga ramukan da yatsa.

"Tsaga nawa kay yi?"

"Bakwai."

"Ran nan wa kay yi ma ƙaho ban da shi?"

"Mutum huɗu, da askag ga. Dut sun warke. Liman na cikinsu."

"Wanga na bayan idon sau hwa?"

"Ban taɓa shi ba."

Malam ya juya ga Yari ya tambaye shi ko akwai wani abu da yake damunsa ban da fata. Yari ya ce tun bara yake fama da zawo mai jini, yana zuwa yana tafiya, gwiwoyinsa kuma suna ciwo da safe. Bai faɗa wa kowa ba don bai ga abin da ya haɗa ciki da ƙafa ba. Malam ya rubuta, ya dubi abin da ya rubuta, ya sosa gemu. Ka san yaro mai takarda ba ya son ya ce bai sani ba a gaban mutanen ƙauye, amma dai ya daure.

"Ban taɓa ganin irinta ba, ban san sunanta ba. Ba gyambon da nis sani ba na." Ya goge cokalin ya mayar cikin akwati, ya mayar da allurar. "Za ni rubuta ma likita. Kahin nan kowa kar shi yanka, kar shi huda, kar shi kankare. A wanke da wanga jan ruwan magani, a zuba a hankali, ba a gurza ba. A ɗaure da tsumma dahwahhe, a ɗaga ƙahwar bisa. Bayan mako biyu in na komo mu gani."

"Zuma hwa?" in ji Maccido. "Tana hana tsumma manne ma ciwo."

Malam ya harare shi, ya yi ɗan tunani. "Zuma ba ƙarhe ba ta. A sa."

Su biyu suka yi ɗaurin farko, malamin asibiti yana zuba ruwa, wanzami yana tallafe da ƙafar, kowa yana lura da hannun ɗan'uwansa. Tasalla tana tsaye a kansu ba ta ko ƙifta ido. Ita ta kawo zumar daga ɗakinta, kuma ba ta yarda Maccido ya taɓa ƙwaryar ba. Da aka gama, Yari ya ce wannan ne ɗauri na farko da bai ji kamar ransa zai fita ba.

Kafin Maccido ya koma gindin gawo, labari ya riga shi, amma rabinsa kawai ya iso. Wanzan ya amsa laifinsa a gaban malamin gwamnati. A rumfar masu goro an ce dafin kunama ne, a ta mahauta an ce ƙasar kabari. Zancen damtse da ramuka bakwai ya yi tsawo, babu mai iya ɗaukarsa zuwa kasuwa. Da la'asar a masallaci, wanda ya tsaya kusa da shi a sahu ya bar tazarar da akuya za ta iya wucewa.

Bayan an sallame, hanyarsa ta gida ta bi ta ƙofar Yari. Ya so ya wuce kansa a ƙasa, sai ya ji an kira sunansa. Yari ya sa an fito da shi waje, an jingina shi da bango, ƙafar a kan turmi. Masu dawowa daga masallaci da 'yan kasuwa sun taru ana yi masa sannu, sun fi talatin. Ashe duk abin da ake faɗa a gari ya komo kunnensa.

"Jama'a, ku shaida," in ji Yari, muryarsa ba ƙarfi amma ana ji. "Ni ad da ƙahwa, kuma ni nij ji abin da anka yi cikin zaure. Ba don bawan Allah wanga ba, da yanzu an kankare ni." Ya cire hularsa. Sumar wata biyu ta yi buzu-buzu. "Wanzan, zo ka yi min aski. Nan, gaban kowa, da askarka."

Tasalla ta leƙo daga zaure. Kowa ya san ma'anar abin. In mai ƙafa da kansa ya miƙa wuyansa ga askar da ake zargi, to wane ne kuma zai ƙara magana? Gobe tabarmar gindin gawo za ta cika.

Maccido ya matso, hannunsa har ya kai bakin zabira. Ya dubi kan. Ya san kan nan kamar tafin hannunsa, ya san akwai ɗan tudu a ƙeya da wani tsiro a bayan kunnen dama, wanda ko ya yi a hankali wani lokaci aska takan ɗan taɓa shi jini ya ɗigo. Ga kowa wannan ba komai ba ne, a shafa toka a manta. Ya tuna bakin gyambon nan mai launin makuba, ya ga shi a bayan kunne.

Ya janye hannunsa.

"Mai da hularka, Yari."

"Haba Wanzan, don kai nika yi."

"Na sani. Allah shi saka ma. Amma aska ba ta hawa kanka, tawa ko ta wani. In sumar ta dame ka, Tasalla ta rage ma da almakashi, kar ta kai ga hwata."

Daga baya wani ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Kun gani? Shi da kainai tsoron askatai shikai." Gunaguni ya zagaya wurin, mutane suna gyaɗa kai irin na waɗanda zatonsu ya tabbata.

Yari ya riƙe hular a hannu, idonsa ya ciko. Maccido ya sunkuya ya duba ɗaurin, ya ga bai jiƙe ba, ya gyara zaman ƙafar a kan turmin. Ya ce wa Tasalla ta dafa tsumman gobe tun da safe. Sannan ya miƙe, taron ya dare masa hanya fiye da yadda mutum ɗaya yake buƙata, ya wuce gida.